Fuska Kusa da Kububuwa

Hatimi, manhajar da ke gadin haƙƙin hotuna, ba ya yin ƙara, ba ya kuma sallama. A cikin kowace waya da kowane allo na birnin Kwarin Gora yake zaune, duk hoton da zai bayyana sai ya fara bi ta hannunsa. Kafin ƙiftawar ido zai duba wane ne mai hoton, wa aka ba lasisin nuna shi, kuma yaushe lasisin zai ƙare. In komai ya yi daidai, hoto ya fito. In bai yi ba, sai wani launi toka-toka ya rufe wurin.

Da aka kawo shi, Hansatu Barau tana cikin waɗanda suka yi murna. Injiniyar manhaja ce, ta kuma ga yadda masu ɗaukar hoto ke tsufa da yunwa alhali hotunansu na yawo a wayoyin duniya ba ko na gode. Hatimi ya kashe wannan sata a damina ɗaya.

Wata Talata da hantsi tana ofishinta, sai ƙararrawar gaggawa ta manhajarta ta buga. Manhajar sunanta Gane Maciji. Kwarin Gora da sayar da wutar lantarki yake ci, gonakin sola sun kewaye shi iyakar ganin ido. Da zafi ya ƙaru a ƙasar, macizai suka gano babu inuwa mai daɗi kamar ƙarƙashin farantan sola, masu goge farantan kuwa su ne ke cin karo da su. Maganin dafi na wannan zamani yana da ƙarfi ƙwarai, amma kowane maciji da nasa, wanda aka yi wa allurar da ba tasa ba an ƙara masa ciwo ne a kan ciwo. Shi ya sa Hansatu ta gina manhajar. Wanda maciji ya sara zai buɗe waya, ya ga hotunan macizan yankin, ya taɓa wanda ya sare shi, nan take ƙaramin jirgi marar matuƙi, wanda mutanen gari ke kira shirwa, ya taso daga rumbun magani da allurar da ta dace.

Wanda aka sara ranar sunansa Tanimu Gajere, magidanci ne mai goge faranti a gonar gabas. Hansatu tana ganin abin da yake gani a wayarsa, tana kuma jin numfashinsa. Hotunan suka fito kamar kullum: kasa, kububuwa, gamsheƙa, kumurci, damatsiri. Yatsansa na kan hanya sai hoton farko ya koma toka. Na biyu ya bi shi. Kafin ya kai hannu, allon duka ya zama fili babu komai.

Ta buɗe murya ta yi masa magana, ta ce ya kwatanta mata macijin. Ya ce ruwan ƙasa ne, da zane-zane a baya, bai tsaya ƙare masa kallo ba. Kasa haka take, kububuwa ma haka. Shirwa ba ta tashi sai an zaɓa. Hansatu ta zaɓi kububuwa, domin ita ta fi sara a wannan gona.

Ashe kasa ce. Kafin a kai Tanimu asibiti a mota, ƙafar ta kumbura ta yi baƙi. Likitoci suka ceci ransa, suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Kafin la'asar ta gano abin da ya faru. Hotunan na Malam Iliyasu Mai Hoto ne, wani dattijo da ya ƙare rayuwarsa yana bin namun daji da kyamara. Shi ya ba ta lasisi kyauta, ya ce ta yi ta amfani da su muddin yana raye, ita kuwa a lokacin ba ta tsaya a kan wannan kalma ba. Malam Iliyasu ya rasu kafin azumi. Da aka raba gado, ɗansa ya sayar da hotunan gaba ɗaya ga wani kamfani mai suna Taskar Gani. Cinikin ya tabbata da safiyar nan, Hatimi kuwa ya yi abin da aka gina shi ya yi.

Washegari ta hau jirgin ƙasa ta tafi hedikwatar kamfanin. Lauyansu, Barista Lawandi, ya tarbe ta da mutunci, ya sa aka kawo mata ruwa, ya saurare ta har ta gama. Ya ce ya tausaya, amma abin ya wuce hannunsu. Wata masaƙa ta riga ta sayi haƙƙin hotunan ita kaɗai, za ta fitar da atamfa mai zanen fatar maciji, kuma yarjejeniyar ta hana a ba wani ko da zai biya ninkin abin da ta biya.

“Barista, mutum ya rasa ƙafa jiya,” in ji ta.

“Na sani, Injiniya. Da ni ne na rubuta dokar, da na bar wa irin wannan ƙofa. To ba a bari ba.”

Ta shigar da ƙara. Kotu ta sa rana bayan kaka, alhali da damina ne macizai ke fitowa. Ta gwada sa na'ura ta zana mata macizai daga kwatance. Na'urar ta zana su da kyau, sai dai ta ɗora zanen kasa a jikin kububuwa, ta yi wa gamsheƙa wuyan kumurci. Hansatu ta goge su duka. Ta sa rubutu a madadin hoto, amma ta san wanda ke rawar jiki a tsakiyar gona ba karatu zai tsaya yi ba.

Ta je duba Tanimu a asibiti, ta faɗa masa ita ce ta zaɓi allurar. Bai ce ya yafe ba, bai kuma ce bai yafe ba.

“Tawa dai ta tafi, Malama,” ya ce. “Ki yi ta waɗanda suka rage.”

Daga asibitin ba ta koma gida ba. Ta nemi ɗan Malam Iliyasu, ta same shi a shagonsa na gyaran batir a bayan tasha. Sunansa Zubairu, mutum ne siriri marar yawan magana. Ta zo da niyyar faɗa, amma tana fara bayani ta ga fuskarsa ta canza. Bai san akwai wata manhaja da ke rataye da hotunan ba. Shi dai an ce masa hotuna dukiya ce, ƙannensa mata kuma suna jiran rabonsu. Ya ajiye batirin da ke hannunsa, ya shiga ciki, ya fito da tsohuwar kyamarar mahaifinsa da doguwar ƙugiyar kama maciji. Ya ce waɗannan biyu kamfanin bai saya ba. Tun yana yaro yake riƙe wa tsohon jaka, ya san ramuka, ya san duwatsu.

Hansatu kuwa ko ƙadangare ba ta so. Ranar da suka fara fita, Zubairu ya ɗaga wani falalen dutse a gefen gonar gabas, kububuwa ta naɗe tana goga jikinta tana ƙara kamar ana soya abu a mai. Hansatu ta ja da baya. Ta zauna a ƙasa har tsoron ya lafa, sannan ta tashi ta riƙe masa murfin akwatin gilashin da suka sa wani mai walda ya haɗa musu. Haka suka yi ta yi, sammako bayan sammako, har suka tara duk macizan da take bukata in ban da kumurci. Zubairu ya ɗauki hotuna masu kyau, kowane zane ya fito ras.

Ta ɗora su a manhaja. Hatimi ya mayar da su toka.

Ta zaci kuskure ne, ta sake ɗorawa. Sai bayanin ya fito: hotunan sun yi kama da dukiyar Taskar Gani fiye da yadda doka ta yarda. A nan ta fahimci girman matsalar. An koya wa Hatimi ya kama ɓarawon da ya ɗauki hoton wani ya juya shi, ya sauya launi, ya yanke gefe. Don haka ba hoto yake kwatantawa da hoto ba, zane yake kwatantawa da zane. Malam Iliyasu kuwa ya ɗauki macizan yankin ta sama da ta gefe, a yashi da a dutse, da rani da damina. Duk ta inda ka ɓullo wa kububuwa, ya riga ka. A wurin Hatimi, zanen da Allah ya yi a bayan maciji ya zama na kamfani.

Zubairu ya ce to ai an gama da su. Hansatu ta jawo allon gabanta. Ta zauna tana bin hotunan ɗaya bayan ɗaya, toka bayan toka, har ta iso kan guda ɗaya da bai rufe ba. Hoton gwaji ne da Zubairu ya ɗauka yana daidaita haske. Kasa tana kwance a akwati, a bayan gilashi kuma ga fuskar Hansatu ta sunkuyo tana leƙe, baki a yamutse.

Ta koma ta karanta dokar daga farko. Ashe akwai haƙƙin da ya fi na mai hoto ƙarfi, wato haƙƙin fuska. An sa shi ne don kada a riƙa ciniki da kamannin mutane. Duk hoton da fuskar mutum mai rai ta fito a ciki sosai, har Hatimi ya gane shi ta ƙwayar idonsa, to hoton nasa ne, ba wanda ya isa ya rufe shi sai shi.

“Malam Zubairu, ɗauko kyamara,” ta ce. “Kowane maciji da ni za ka ɗauke shi.”

Haka aka yi. Ta riƙa durƙusawa a bayan akwatin, goshinta na taɓa gilashi, idonta a buɗe, maciji a gabanta tazarar yatsa. Kububuwa ta kai wa gilashin sara daidai hancinta, amma Hansatu ba ta motsa ba sai da ta ji ƙarar kyamara. Hotunan suka wuce duka.

Saura kumurci. Sun same shi ranar da aka yi ruwan farko, a cikin bututun magudanar wata gona, baƙi wuluk, ya fi tsawon mutum. Ana gane kumurci ne da jan da ke wuyansa, jan kuwa ba ya fitowa sai ya miƙe ya fasa kai. A akwatin ba ya iya miƙewa, ga shi da an matso sai ya fesa dafi ya dusashe gilashin. Zubairu ya ce su jira a haɗa babban akwati. Mai walda ya ce sai gilashi ya iso daga wani gari, bai san ranar ba. A makon nan kuwa an sari mutum biyu, ɗaya daga ciki mace ce mai ciki, Allah ne ya yi da sauran kwananta.

Hansatu ta ce a yi a fili. Suka share wani kango, Zubairu ya ɓuya a bayan garkuwar gilashi da kyamara, ya riƙa kaɗa tsumma don macijin ya fuskance shi. Ita kuma ta zagaya ta baya ta durƙusa nesa kaɗan, sanye da tabarau na kariya. Aka ɗauka, Hatimi ya ƙi, domin tabarau ya rufe ƙwayar ido.

“Injiniya, kada ki cire,” in ji Zubairu. “Na ga abin da wannan ya yi wa karen babanmu.”

“Kaɗa tsummanka kawai. Kai yake kallo.”

Ta cire. Kumurcin ya miƙe ya fasa kai, jan wuyansa ya fito kamar an shafa masa jan ƙasa. Zubairu ya danna. Ko ƙarar kyamarar ce, ko motsin hannunta da ta ajiye tabarau, macijin ya juyo. Ta ga bakinsa ya buɗe, sai ta ji kamar an watsa mata garwashi a idon hagu.

Zubairu ya kife macijin da kwando, ya kwantar da ita, ya juye mata jarkar ruwa a ido. Da hannu ɗaya ya ɗora hoton a manhaja, ya taɓa shi. Hoton ya tsaya daram bai rufe ba, shirwa ta taso. Ita ce mutum ta farko da sabon hoton ya kira wa magani.

Idon bai tsira ba. Bayan an cire bandeji, haske kawai take gani da shi, kamar ta cikin farin mayafi. Amma Gane Maciji ta dawo aiki a tsakiyar damina, kuma duk wanda ya buɗe ta yana ganin macizai da fuskar wata mata a gefensu. A kasuwa aka fara nuna ta, ana cewa ga matar macizai nan.

Tana samun sauƙi ta zauna don ta sadaukar da hotunan ga jama'a, yadda ba za su sake rufewa ba. Ta nemi wurin da za ta rubuta cewa na kowa ne, ba ta samu ba. Ta nemi wurin waƙafi, babu. Hatimi bai san hoton da ba shi da mai shi ba, kowane hoto sai da sunan mutum ɗaya ko kamfani ɗaya. Haƙƙin fuska kuma da ran mai fuskar yake tafiya. Ranar da ta mutu, hotunan za su zama gado kamar kujera da tukunya, a raba, wanda ya ga dama ya sayar, wanda ya saya ya rufe.

Ta kai koke majalisar birni, aka karɓa, aka ce za a kafa kwamiti. Barista Lawandi ma ya zo har gida ya yi mata jaje. Da zai tafi ya faɗa mata, cikin ladabi, cewa kamfaninsu ya riga ya tuntuɓi yayyenta maza biyu da za su gaje ta, don dai a san juna tun da wuri. Ta raka shi ƙofa, ta yi masa godiya. Da ta dawo ta kira mai walda, ta ce gilashin ya iso ko bai iso ba, babban akwati take so, mai murfi biyu da kwaɗo.

Ta sa sanarwa a manhaja cewa duk mai so ya zo kangon bayan gonar gabas ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a ɗauke shi hoto da maciji. Ta yi bayanin dalili da Hausa mai sauƙi. In hoton kububuwa na mutum ɗaya ne, mutuwa ɗaya ta ishe shi. In na mutum dubu ne, duk wanda nasa ya rufe, manhaja za ta ɗauko na wani.

Zubairu ya ce ba ya jin mutum goma za su zo. Da suka isa, layi ya kai bakin titi. Masu goge faranti ne da matansu, da direbobi, da malaman makaranta, da 'yan cocin unguwar yamma da suka zo a mota guda. Tanimu Gajere ya zo da ƙafar roba da sanda, ya ce shi da kasa za a ɗauke shi. Durƙusawa ta yi masa wuya, sai aka ɗora akwatin a kan tebur. Ya kalli macijiyar ido cikin ido, bai ƙifta ba.

Wasu suna isowa gaban akwatin suka fasa, suka juya, ba wanda ya yi musu dariya. Wani tsoho ya ce shi nasa ba zai daɗe ba, amma a ɗauka, ko shekara ɗaya ya riƙe ai ya riƙe. Hansatu tana tsaye tana gyara wa kowa tsayuwa, tana juya kai gaba ɗaya in za ta duba hagunta.

Rana ta yi sanyi, layi ya kusa ƙarewa, sai wata mata ta matso da goyo. Ta ce sunanta Tabawa, ita ce wadda aka sara tana da ciki. Hansatu ta nuna mata inda za ta durƙusa. Matar ta girgiza kai, ta kwance zani, ta sauko da jaririyar, 'yar mitsitsiya da ba ta daɗe da yin arba'in ba.

“Ba ni ba, Anti. Ita za a ɗauka.”

Hansatu ta ce ai ba a kawo jarirai nan.

“Kin ce hoton yana rayuwa ne muddin mai fuskar na raye,” in ji Tabawa. “Duk wanda ke layin nan, in Allah ya yarda, ita za ta fi shi daɗewa.”

Zubairu ya sauke kyamara yana jiran abin da Hansatu za ta ce. Ita kuwa ta tsaya tana kallon yarinyar, tana kallon kububuwar da ke naɗe a kusurwar akwati. A bayansu farantan sola sun miƙe har ƙarshen ƙasa, shirwa biyu na shawagi a sama, dogayen benayen birni sun fara kunna fitilunsu. Mutanen da suka iya gina duk wannan, su ne yau suke kawo jaririya gaban maciji don dokarsu ta bar su su ga hotonsa. Lissafin matar kuwa daidai yake.

Ta je ta girgiza kwaɗon akwatin, ta duba murfin ciki, ta duba na waje. Ta shafa gilashin da tafin hannu daga sama har ƙasa ko akwai tsaga. Sannan ta karɓi yarinyar, ta tallafe kanta, ta durƙusa, ta kawar da tata fuskar gefe don kada ta shiga hoton. Kububuwar ta fara goga jiki tana ƙara. Jaririyar ta buɗe ido tangararan tana neman inda ƙarar ke fitowa, ta miƙa ɗan hannunta ta dafa gilashin.

Hansatu ta gyara riƙon yarinyar.

“Ɗauka, Malam Zubairu,” ta ce. “Yi sauri.”